Wayar Shagon Gilashi Ta Rasu a Gwajin Kyauta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu wurin zama a cikinta, iyalan shagon gilashi da ke daura da kantin magani suna sanar da 'yan uwa, kafintoci, magina, masu walda da sauran abokan ciniki rasuwar wayar tebur ɗinsu, baƙa, mai murɗaɗɗiyar igiya. Ta rasu a kan kantar shago, gefen dama idan an shigo, inda ta yi dukan shekarunta na aiki.

Rasuwar ta biyo bayan gajeriyar jinya, a tsakiyar wani gwajin kyauta da wani kamfanin wayar kasuwanci ya ba shagon. Don kauce wa jita-jita, muna bayyana cewa ba faɗuwa ta yi ba, ruwa bai shige ta ba, tsawa kuma ba ta taɓa layinta ba. Mai gyaran rediyo da ya buɗe cikinta ya tabbatar babu abin da ya ƙone. Lambarta aka ɗauke, aka bar ta zaune.

Mahaifinmu ne ya kawo marigayiya shago, tun zamanin da sai an rubuta takarda an jira kafin a ja wa mutum layi. Lambarta tana jikin allon shago, tana jikin motar ɗaukar gilashi, tana saman kowane rasit, tana kuma cikin kan mutanen da ba su riƙe lambar matansu ba.

Waɗanda suka san ta za su tuna muryarta. Ƙararrawa ce ta ƙarfe, 'yan kofuna biyu da ɗan guduma a tsakani, kuma idan ta ce kirrrin-kirrrin, ba a tambayar ko wayar wa ke kuka. Ana jin ta a kan ƙarar injin goge bakin gilashi. Ana jin ta a bayan shago, inda ake jingine manyan faranti. Mai kantin magani ya sha kawo ƙararta, yana cewa tana firgita masu hawan jini. A makon nan shi ne ya fara zuwa ta'aziyya, ya ce yanzu shirun ne yake hana shi sakewa.

Ba ta taɓa neman caji ba. Ba ta taɓa neman kalmar sirri ba, ba ta kuma taɓa tsayawa a tsakiyar aiki ta ce sai an sabunta ta ba. Idan aka ɗauke wuta, komai na shagon yakan mutu ban da ita. A dukan zamanta da mu ba ta taɓa tambayar ko mun gamsu da aikinta ba.

Gaskiya ta sa a faɗi nakasunta. Maɓallin bakwai yana maƙalewa, sai an danna shi da ƙarfi. Idan an yi ruwan sama, layinta yakan yi ƙwas-ƙwas kamar ana murza leda. Mafi girma kuma, mutum ɗaya take iya saurara a lokaci guda. Wannan nakasu na ƙarshe shi aka kafa hujja da shi a kanta.

Ba za a fahimci girman rashin ba sai an san dangantakarta da Yaya, babban wanmu, wanda ya gaji shagon. Yaya ya fara yanka gilashi tun yana saurayi. Da hannunsa ya fara rawa, ya ajiye abin yanka da kansa, ba wanda ya ce masa ya ajiye. Kunnensa ma ya yi nauyi. Abin da ya rage masa a shagon shi ne kujera mai matashi a bayan kanta, fensir ɗaure da zare, da wayar nan. Ƙararrawarta ce kaɗai abin da yake ji sarai idan inji yana aiki, kuma muryar mai kira tana fita daga kanta da kauri, daidai kunnensa.

Yadda yake aiki sananne ne. Yakan ɗaga ya yi sallama, ya bar mai kira ya gaishe shi har ya gama, shi ma ya mayar. Kafin a kai ga tambayar yara, ya gane murya, ya jawo fensir, ya gyara zaman kan wayar a kafaɗarsa. Sai ya ce, "Taga ce ko madubi?" Tsawo yake karɓa kafin faɗi, kuma yakan maimaita awo da ƙarfi yadda mai yanka zai ji daga inda yake. Yakan yi wa mutane tsawa idan sun auna da igiya suka zo suna kintace. Yakan kashe waya a kunnen wanda ya nemi rangwame tun kafin ya faɗi awo. Duk da haka shi suke nema.

Ciwon ajali ya shigo ta hannun mijin ƙanwarmu, wanda har yau ake kira Angon Auta ko da yake 'yarsa ta fari tana jami'a. Mai wannan sanarwa, wanda ake kira Edita saboda aikinsa na dā, ya fita kai gilashi a ranar. Bayanin da ke biye daga bakin waɗanda suka halarta ne, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Angon Auta ya shigo da kwamfutarsa, ya ɗora ta a kan kanta, dab da marigayiya.

"Yaya, wallahi an bar mu a baya," in ji shi. "Ɗan kwangilar nan mai sabon gini ya kira shagon nan har ya gaji, kullum layi a cike. A gidan mai ya tare ni yana ƙorafi."

"Da wa nake magana a lokacin?" in ji Yaya.

"Da Kafinta."

"To ai ciniki ne."

"Lafiyar akuyarsa kake tambaya, Yaya."

"Ba ta da lafiya ne."

Angon Auta ya yi bayanin tsarin. Kira zai riƙa shigowa ta intanet, ya faɗo cikin wata manhaja a wayoyin hannunmu duka. Mutum biyar za su iya kira a tare. Wanda ba a ɗaga masa ba zai bar saƙon murya. Akwai kuma wata murya da za ta tarbi mai kira ta raba masa hanya. Sannan ya faɗi kalmar da ya ajiye don ƙarshe.

"Kuma kyauta ne. Gwaji ne kawai. In bai yi mana ba, mu bar musu kayansu."

"Su me za su ci?" in ji Yaya.

"Zamani ne, Yaya."

Rajistar ba ta da wuya, wannan ma a rubuta shi. An nemi sunan shago da adireshin imel, ba a nemi ko kwabo ba. Duk akwatin da aka cike, shafin yakan taya mu murna. An zaɓi muryar mace mai tarbar baƙi, aka rubuta mata abin da za ta faɗa: mai neman gilashin taga ya danna ɗaya, mai madubi ya danna biyu, mai wata magana ya danna uku. Dukan ukun wuri ɗaya suke zuwa. Angon Auta ya ce hakan yana ƙara wa shago kwarjini.

Daga nan shafin ya yi tambaya da Turanci game da lamba. Angon Auta ya karanta, ya fassara.

"Cewa suka yi, ko mu karɓi sabuwar lamba, ko mu haɗa tsohuwarmu."

"Haɗawa?" in ji Yaya. "Tawa za ta ci gaba da kuka?"

"Da taka da namu, tare za su riƙa kuka. Kamar 'yan biyu."

Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa kalmar ba haɗawa take nufi ba. Ƙaura take nufi. Akwai bayanin haka a ƙasan shafin, da ƙananan haruffa masu ruwan toka, a ƙarƙashin hoton wata mata da ke dariya da waya a kunne.

Kamfanin ya ce zai kira lambar ya faɗi wasu alƙaluma, don ya tabbatar tamu ce. Marigayiya ta yi kuka kamar kullum. Yaya ya ɗaga ya yi sallama. Wata murya ta fara jero lambobi.

"Baiwar Allah, ba gaisuwa?" in ji Yaya.

Muryar ta sake jero su daga farko. Yaya ya rubuta, ya maimaita da ƙarfi kamar yadda ya saba, ya yage takardar ya miƙa wa Angon Auta. Ta bakin marigayiya aka karɓi izinin ɗauke lambarta, kuma da fensirin Yaya aka rubuta shi.

Ta ci gaba da aiki na wasu kwanaki ba tare da alamar ciwo ba. Kiranta na ƙarshe daga wata mata ne da ke tambayar ko muna canja gilashin wayar hannu. Yaya ya ce ba ma yi, kamar yadda ya sha gaya wa wasu kafin ita. Washegari da safe aka buɗe shago, aka tayar da inji, rana ta ɗaga, ba ta yi kuka ba. Yaya ya ɗaga kanta ya kara a kunne. Ya daddanna inda ake ajiye shi. Ya bi igiya har bango ya duba soket. Wannan ɗan zuuu da take yi tun muna yara, babu shi.

A daidai lokacin wayarsa ta hannu tana rawa a aljihun rigarsa, bai sani ba. Da aka nuna masa, sai aka gano cewa ana amsa kiran ne da jan yatsa a kan gilashin wayar daga wannan gefe zuwa wancan. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jan layi miƙe a kan gilashi ya gwada, yatsan ya ƙi tafiya daidai, kiran ya wuce. Mai yanka hannunsa cikin safar aiki yake. Mai wannan sanarwa yawanci yana bayan sitiyari. Angon Auta yana ofishinsa, inda aka hana amsa waya. Saboda haka yawancin kira suka riƙa faɗawa hannun matar nan mai raba hanya, wadda abokan ciniki suka raɗa wa suna Hajiya Danna, daga hannunta kuma su faɗa akwatin saƙo.

A nan aka gano abu na biyu da ba a karanta ba. A lokacin gwaji, saƙon murya ba ya kai minti ɗaya. Ga saƙon Kafinta na farko, kamar yadda aka naɗe shi, har da shirun da yake bari don a amsa masa:

"Salamu alaikum. Ina kwana? Yaya ne? To. Ina gajiya? Ya ƙafar? Madalla. Ya mutan gida? Ya Edita? Ya Auta da yara? To madalla, madalla. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Akuyar ma ta miƙe. Dama batun tagar nan ce ta—"

Ƙit.

Ya sake kira. Saƙo na biyu ya fara da, "Salamu alaikum, layin ne ya yanke. Ina kwana kuma?" Wannan karon ya taƙaita, ya tsallake ƙafa da akuya, ya kai har, "tsawonta inci arba'in da—"

Mai shagon gyaran gashi ta gaishe mu, ta nemi afuwar kira da safe, ta tambayi jikin matar Yaya, sannan ta ce, "Madubin nan da kuka sa mini ne ya—" Ba mu san ko ya faɗo ba ne, ko ya tsage, ko ya yi kyau. Wani magini ya gaishe da Hajiya Danna da kanta, ya jira ta amsa, ta ce masa ba ta gane zaɓinsa ba. A yanzu akwatin saƙon shagon cike yake da gaisuwa mai kyau daga mutanen kirki, kuma babu cikakken awo ko ɗaya a ciki.

Manhajar tana kuma mayar da saƙon murya rubutu, don sauƙaƙa wa mai shago. Ba ta jin Hausa, amma wannan bai hana ta ƙoƙari ba. Ta rubuta da Turanci cewa Kafinta yana neman masauki mai ɗaki biyu.

An yi ƙoƙarin magani. Angon Auta ya sauya kalaman tarba, aka sa Hajiya Danna ta riƙa cewa don Allah a bar gaisuwa, a faɗi awo kai tsaye. Saƙonnin sun gajarta. Wani dattijo mai walda ya saurara har ta gama, ya ce, "To, Allah Ya shirya," ya kashe.

An kuma riƙa bin masu kira ɗaya bayan ɗaya. Kafinta da aka kira ya ce, "Edita, ba raini ba, amma awona Yaya nake ba wa. Ba ni shi." Aka miƙa wa Yaya wayar hannu. Muryar ta yi masa siriri, bai ji ba. Aka buɗe lasifika, ƙarar inji ta danne ta. Sai mai yanka ya kashe inji, ya tsaya riƙe da farantin gilashi, kowa ya yi tsit, aka zuba wa Yaya ido yana cewa, "Na'am? Nawa? Sake faɗi." Da aka gama ya ajiye wayar a hankali.

"Yanzu duk wanda ya kira sai an tsayar da aiki saboda ni?"

"Ba komai, Yaya," in ji mai yanka.

"Da komai," in ji shi.

Daga nan aka koma wurin kamfanoni. Sabon kamfani ba shi da ofishin da ake zuwa, sai wata 'yar taga a kusurwar shafi inda ake rubuta koke. Ma'aikatansu suna da ladabi, wannan ma a rubuta. Na farko ya ce ya fahimci damuwarmu ƙwarai, ya miƙa mu ga na biyu. Na biyu ya ce ya fahimci damuwarmu ƙwarai, ya nemi mu faɗa masa ita. Bayanin da aka tattara daga bakinsu shi ne: lambar tamu ce, ba wanda ya ƙwace ta. Ana iya mayar da ita, idan tsohon kamfani ya nema. Kafin a sake ta kuma sai an kira tsohon layin an tabbatar.

Tsohon kamfani yana da ofishi, da benci, da lambar jira. Matar da ke bayan gilashi, gilashin da mu muka sa musu shi, ta duba kwamfutarta ta ce an rufe layinmu ranar da lambar ta fita, bisa buƙatarmu. Ta ce irin wannan layi na igiya sun daina ja wa kowa, na da ne kawai suke lallaɓawa har su ƙare. Aka ce mata namu na da ne. Ta ce na da ne har ranar da muka bar shi.

Saura dabara ɗaya. Mai gyaran rediyo ya ce akwai wani ɗan akwati da ake haɗa tsohuwar waya da intanet da shi. Kamfanin ya ce yana bayar da shi, amma sai bayan gwaji. Mai gyaran ya aro ɗaya wurin wani abokinsa, ya yini yana fama da shi, ya jona marigayiya. Da Yaya ya ɗaga kanta, zuuu ɗin ya dawo. Ya gyara zama ya jawo fensir. Aka ce Angon Auta ya fita waje ya kira, ya danna ɗaya.

Duk muna tsaye. Ƙararrawar ta ce ƙis. Ɗan guduman ya motsa, bai kai ga kofi ba. Ta sake cewa ƙis. Mai gyaran ya ce wutar da akwatin ke bayarwa ba ta isa ta kaɗa ƙarfe ba, an yi shi ne don wayoyi masu kukan tsuntsu. Yaya bai ji ƙis ɗin ba. Tafin hannunsa yana kan bayanta, a nan ya ji ta tana rawa.

"A nemo babban akwati," in ji Angon Auta daga bakin ƙofa. "Dole akwai babba."

"Ku bar ta," in ji Yaya. Shi ya zare igiyar da hannunsa. Wannan lokaci iyali suka ɗauka a matsayin lokacin rasuwa.

Yaya ya ci gaba da zuwa shago na ɗan lokaci. Yakan goge ta da tsumma, ya zauna, ya kalli titi. Wata rana kafin azahar ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Edita, me zan zauna yi? Gadin gilashi?"

"Kai ne babba a nan, Yaya."

"Hoton Baba ma babba ne. Ga shi can a bango, ba ya tsayar wa kowa da inji."

Tun ranar bai dawo ba. Angon Auta ya bi shi gida ba da haƙuri, Auta tana gaba yana biye. An ce Yaya ya karɓe su da fara'a, ya sa aka kawo musu ruwa, ya saurari jawabin har ƙarshe.

"Na yafe maka, Angon Auta," in ji shi. "Kai dai kyauta ce ba ka iya wuce ta. Haka ka samu ƙanwarmu."

"Yaya!" in ji Auta.

An yi dariya, amma da aka kawo maganar komawa shago sai ya tambayi yadda karatun 'yarsu ke tafiya.

Game da gwajin kuwa, yana nan yana tafiya. Kowace safiya kamfanin yana aiko da imel yana tambayar ko muna jin daɗi, tare da zane mai nuna cewa shagon bai rasa kira ko ɗaya ba tun da muka shiga. Bisa lissafinsu, gaskiya ne. Ɗan kwangilar nan ya samu shiga, ya danna ɗaya, ya faɗi awonsa ba sallama, aikinsa ya fita, kuma Angon Auta ya nemi a sa wannan a cikin sanarwa. An sa. An kuma shaida mana cewa idan muka janye daga gwajin ba tare da inda za a mayar da lambar ba, za ta koma rumbun kamfani, daga baya a ba wani. Saboda haka iyali sun yanke shawarar ci gaba da zama da kamfanin bayan kyautar ta ƙare. Ba a ɗauki wannan shawara da murna ba.

Marigayiya ta rasu ta bar murɗaɗɗiyar igiyarta, wadda ba wanda ya taɓa iya warware ta gaba ɗaya. Ta bar soket a bango da ba shi da sauran amfani. Ta bar wani murabba'i mai haske a kan kanta, inda rana ba ta taɓa taɓawa ba. Ta bar lambarta a hannun baƙi, da injin goge gilashi wanda yanzu yake surutunsa ba mai katse shi. Hajiya Danna ba danginta ba ce, kada a yi mata ta'aziyya, ba za ta gane zaɓinku ba. Ta kuma bar Yaya, wanda ke zaune a gida yana gyara abubuwan da ba su lalace ba, har matarsa ta aiko tana tambayar yaushe za mu zo mu ɗauki kayanmu.

Ba mu nemi a yi wa marigayiya addu'a ba, roba ce da ƙarfe. Wanda ke da addu'a ya yi wa masu rai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a shago. Ba za a kai ta bola ba, ba kuma za a sayar wa masu gwangwani ba, ko da yake sun riga sun taya. Mai yanka ya haɗa mata akwatin gilashi mai kauri, za a sa ta a ciki a ɗora a kan shiryayye na sama. Har zuwa lokacin tana nan a kan kanta ga mai son ganinta.

An aika wa Yaya. Amsar da matarsa ta kawo ita ce zai zo, zai tsaya har a rufe akwatin, daga nan zai ɗauki matashin kujerarsa ya tafi da shi gida. Ta ce ya riga ya nemi leda.

Saboda haka iyali suna roƙon duk wanda ya bar rabin saƙo a akwatinmu ya halarta da kansa, ya zo da sauran maganarsa. Kafinta ya zo da ragowar incinsa. Mai gyaran gashi ta zo ta faɗa mana abin da madubin ya yi. Dattijo mai walda ya yi haƙuri ya zo. Za a kashe inji tun safe, saboda makoki, ba saboda kowa ba, kuma muna roƙon a riƙe wannan bayani haka idan Yaya ya tambaya.

Idan an shigo, kada a tsaya wurin Edita, kada a tsaya wurin mai yanka, Angon Auta kuma an ba shi aikin jera kujeru a waje. A wuce kai tsaye wurin Yaya. A tsaya ta hagunsa, a ɗaga murya. A gaishe shi har a gama, ba mai yanke wa kowa. Bayan ta'aziyya, kada a ji nauyin kawo maganar aiki. A faɗi awon, ko da na ƙaramar taga ce, ko da ba a shirya sa ta bana ba. Ba mu san ko zai rubuta ba. Abin da muka sani shi ne ba zai ɗauke matashi yana zaune a kansa ba, kuma bai taɓa tashi ya bar mutum a tsakiyar awo ba. Muna buƙatar layi ya kai bakin titi, ya kuma kai la'asar.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko wani da awonsa. Don Allah kada a kira.